Malam Fasa-mu-gani da Masarar Babanmu

Duk wanda ya taɓa miƙa wa Baffana Malam Haruna gyaɗa ya san ya jawo wa kansa aiki. Shi ba ya watsa ta a baki kamar sauran bayin Allah. Sai ya gyara zaman tabarau, ya ɓare, ya raba ƙwayar biyu da farce, ya ɗaga ta wajen haske, sannan ya yanke mata hukunci. In ta tsira ya ci. In ba ta tsira ba ya jefa ta a aljihun hagu, wai kada ya yar kazar wani ta tsinta. Matarsa Inna Hajara ta ce tun da aka kawo ta gidan ba ta taɓa wanke masa riga ba sai ta fara zazzage ruɓaɓɓiyar gyaɗa daga aljihu, kuma da ma ta tara, da yanzu ta yi ƙuli-ƙulin sayarwa. Ranar da ta faɗi haka a gabansa, wallahi sai da ya dafe ƙirji.

Ku da muka zauna ajinsa tare a makarantar koyon aikin lafiya, ba sai na tuna muku sunan da muka laƙaba masa ba: Malam Fasa-mu-gani. Ko goron ɗaurin aure aka ba shi, liman na jira a shafa fatiha, shi yana can yana cewa, "A'a, fasa mu gani." Ku dai malaminku ne kawai, in an tashi aji kun huta. Ni kuwa ƙanin mahaifina ne, ciki ɗaya, don haka ko hutu aka yi ban huta ba. Da aka nuna masa mai neman aurena, ya dube shi sama da ƙasa ya ce, "Daga waje dai ba laifi." Na gode Allah da mutum ba ya ɓaruwa da farce.

Ranar kasuwar Makoɗa, da masu ƙuli-ƙuli sun hango kekensa sai ka ga ana jan faifai ana rufe tire. Tsohuwa ɗaya ce ba ta tsoronsa. Na taɓa raka shi, ya tsuguna a gabanta ya ɗauki ɗaya ya karya.

"Malam, saya za ka yi ko wa'azi?"

"Dubawa zan yi, Iya."

"To wanda ka karya dai ya zama naka."

"Na ji. Wace gyaɗa kika yi shi da ita? Mai kyau, ko yamutsattsiyar nan da ake tsincewa a ware?"

"Kai Malam! Wa zai yi ƙuli-ƙuli da mai kyau a wannan tsadar? Kakata ma da irinta ta yi, ta ci har haƙoranta suka zube don tsufa."

"Allah Ya ji ƙanta. 'Yan'uwan kakar taki fa, su nawa ne suka kai zubar haƙora?"

Tsohuwa ta soma lissafi da yatsu. Can sai ta jawo faifai ta rufe tirenta ta ce, "Allah Ya raba mu da mutumin da ba ya amsa magana sai da tambaya." Shi kuwa duk hanyar komawa yana taka keke yana murna, wai ta fahimci darasi.

A aji kuma, kun tuna kwalbar nan da yake ajiyewa a saman kabad? A cikinta akwai guntun masara da ya yi hunhuna, kore fatau. Kowane sabon aji sai ya sauko da ita ya ce, "Ku gaishe shi, ya riga ku shiga makarantar nan. A'a, ba a buɗewa! Da ido ake gaisawa." Sannan ya soma karatunsa da duk muka haddace kamar ƙulhuwallahu: koren da muke gani ba shi ne abin tsoro ba, gubar da ya zuba a cikin ƙwayar ita ce. Ba a ganinta, wanki ba ya fitar da ita duka, wuta ba ta kashe ta, kuma hanta take nufa. In kaɗan-kaɗan ce ta yi ta cin mutum shekara da shekaru. In da yawa ce, kafin a ankara ido ya yi ruwan ɗorawa.

Shekarun nan ne na wahala, lokacin da sabulu ma sai an yi masa layi. Madubin ganin ƙwayoyin cuta ɗaya ne a makarantar, shi ma shugaba ya kulle shi kada a lalata. To da Baffa ya rasa kayan koyarwa sai ya mayar da mu kayan koyarwa. Wata rana bayan abincin rana ya ja wasunmu gefe ya ce su kwanta a ƙasa su riƙe ciki su yi ta nishi, sauran kuma su bincika su gano abin da ya kwantar da su. Muka zazzage ƙwanji, muka bi marasa lafiyar ƙarya ɗaya bayan ɗaya. Me ka ci? Miyar kuka. Ke fa? Miyar kuka. Muka ce shi ke nan, mun kama ɓarawo, muka fita muna shela.

Abin da muka manta shi ne duk makarantar miyar kuka ta ci ran nan, har da mu masu binciken. Wadda ba ta manta ba ita ce Iya Dije mai dafa mana abinci. Ta shigo ajin da muciya a hannu, ɗankwali ya zame.

"Ina wanda ya ce miyata ta kashe 'ya'yan mutane?"

Baffa ya yi wuf ya shige bayan allo. Amma ko a can bakinsa bai mutu ba, muryarsa kawai muke ji: "Kun gani ko? Ga abin da ake samu in an ɗora laifi ba a tambayi wanda bai kwanta ba!"

Iya Dije ta buga muciya a tebur ta ce, "Fito ka tambaye ni! Ni ban kwanta ba!"

Mun yi dariya har da hawaye. Ban san wannan darasin zai biyo ni har ƙofar gidanmu ba.

Bari in faɗa muku tun yanzu abin da mu ba mu sani ba a lokacin. Shekarar da za mu shiga ajin ƙarshe, ruwa ya ɗauke a tsakiyar damina, gero da dawa suka ƙone a tsaye. Mahaifina, Alhaji Isa, yana da 'yar fadama, masararsa ta yi. Da ya karye ya shanya, sai ga ruwan da aka yi ta roƙo ya zo a makare ya jiƙa ta. Ga shi yunwa ta sa ana satar shanya, ko ɗan kai aka juya sai a ga an rage. Don haka Baba bai jira ta gama bushewa ba, ya zuba ta a rumbun ƙasa ya liƙe bakin da laka, ya ce ta ranar tsanani ce. Da tsananin ya zo, farkon damina ta gaba, ya buɗe ya raba ta gida-gida sadaka. Baba ke nan. Mutum ne da ba ya iya haɗiye loma in ya ji gidan maƙwabci ba a hura wuta ba, kuma sunan nan da ya yi shi ne duk dukiyarsa.

Aka aiko mini makaranta cewa Innata na kwance. Na je wa Baffa da kuka. Ya saurari yadda ciwon yake, ya tambayi ko ita kaɗai ce, na ce an ce gidaje da yawa ne. Kafin in share hawaye ya je ya ƙwato a-kori-kurar makaranta ya loda ajinmu kaf a baya. Raina ya ɓaci ƙwarai.

"Baffa, uwata ce fa a kwance! Darasi za ka mayar da ita?"

"Binta, uwarki ce, kuma matar yayana ce. Shi ya sa nake son idanu da yawa. Hau mota."

Abin da muka tarar ya fi abin da aka faɗa. Amai, kumburin ƙafa, ido kamar an shafa gangamau. Baba ma idonsa ya canza, yana dai dogarawa ne. 'Yar ƙaramar yarinyar Audu maƙeri, maƙwabcinmu, an rufe ta jiya. Kuma gari ya riga ya gama nasa binciken. A duk unguwarmu gida ɗaya ne ba wanda ya kwanta, gidan Baba Nomau, tsohon da suke gaba da mahaifina tun ban yi wayo ba a kan wata ɗorawa da ta fito a iyakar gonakinsu. Aka ce shi ne ya zuba abu a rijiya. Samari har sun fara taruwa a bakin lungunsa.

Baffa ya zauna a gindin darbejiya, ya karyi tsinke, ya zana garin a ƙasa. Gidan da aka kwanta ya ɗora tsakuwa, gidan da ba a kwanta ba ya ɗora ƙwallon goruba. Ya raba mu bibbiyu. "Ku shiga kowane gida, har wanda ake lafiya. Me kuka ci, daga ina ya fito, yaushe ciwo ya fara. Kuma ku gaida mini agwagi."

Wani ya ce, "Agwagi, Malam?"

"Su ke cin dusa. Su ba sa ɓoye wa likita komai."

Ni ya riƙe ni, muka nufi gidan Baba Nomau. Muka same shi a zaure da sanda a kan cinya, yana jiran ko-ta-kwana.

"Baba Nomau, wace rijiya kake sha?"

"Ta gari mana! Ko ka ji an ce na haƙa tawa a ɗaka?"

"Me ake tuƙawa a gidan nan?"

"Gerona. Ko sau ɗaya ne a yini, nawa ne."

"Masara fa? Na ji an raba."

Tsoho ya ja tsaki. "Yayanka ya aiko. Na ce a mayar masa da kayansa tun ba su taɓa ƙofata ba. Da in ci abin hannun Isa gara in ci ƙasa."

Tun da nake da Baffa, ran nan na fara ganin an ba shi amsa bai bi ta da wata tambayar ba. Muka yi sallama muka fito. Sai da muka yi nisa ya ce, ƙasa-ƙasa, "Binta, kin ji abin da na ji?" Na ce na ji. Ya ce, "Gaba ce ta ceci mutumin nan. Kada ki kai wannan gaban malamai, su ce ina koya muku raba zumunci." Ya yi ƙoƙarin yin dariya, ba ta fito ba.

Da 'yan aji suka dawo, magana ta haɗu. Kowa rijiya ɗaya yake sha, mai ciwo da mai lafiya. Duk gidan da ke da tsakuwa ya ci masarar Alhaji. Gidajen goruba, in ban da na Baba Nomau, na can bakin gari ne da rabon bai kai gare su ba tukuna. 'Ya'yan agwagi kuwa sun mutu a duk inda aka zuba musu dusarta, tun kafin mutum ya fara amai. Mata sun ce sun ga ɗan kore-kore, sun ji ɗaci-ɗaci, amma sun surfa sun wanke, kuma ai wuta na kashe komai.

Muka je rumbun. Baffa ya sa muka ɗaure hanci, ya sa hannu can ƙasa ya ciro ɗaya ya karya. Babu wanda ya buƙaci madubi. Ita ce ta cikin kwalba, sai dai wannan rumbu guda ce.

Ni ba masarar nake kallo ba, Baba nake tunani. Na ce, "Baffa, wannan maganar za ta kashe shi. Ba yadda za a yi a kwashe ta a sirrance?"

"A sirrance daga tukunyar mai jin yunwa? In ba a faɗi dalili ba, gobe su tuƙa wadda suka ɓoye. Ga Nomau can da samari a ƙofarsa." Ya goge hannu a riga. "Amma babanki zan fara gaya wa, kafin kowa."

Ya sami Baba a zaure, ya durƙusa, ya ajiye masarar a gabansa, ya yi bayani a taƙaice, abin da ba halinsa ba. Baba ya daɗe yana kallonta. Sannan ya ce, "Kada ka faɗa, Haruna. Ni na raba, ni zan faɗa." Bayan azahar ya tsaya a ƙofar masallaci, riƙe da bango, ya ce wa jama'a ciwon nan daga rumbunsa ya fito, a rabu da Nomau, kuma don Allah duk mai sauran masara ya fito da ita.

Faɗi ya fi karɓa sauƙi. Wata tsohuwa ta zauna a kan ƙwaryarta ta ce sai dai a ɗauke su tare.

Baffa ya ce, "Gwaggo, wuta ba ta kashe wannan gubar."

"To yunwa fa, ɗan nan? Ita wuta na kashe ta?"

Baba ne ya ba da amsa: ya kora shanun huɗarsa kasuwa, ana tsakiyar aikin gona, aka juyo da gero, aka yi ta musaya mudu da mudu. Ana cikin haka sai ga Baba Nomau da jaki, an ɗora masa damin gero biyu. Baba na tsaye a gabansa, amma sai ya juya wajen Baffa.

"Haruna, gaya wa yayanka wannan ba nasa ba ne, na jama'a ne. Kuma ɗorawa tana nan tawa."

Baba ma ya juya wajen Baffa. "Haruna, gaya masa Allah Ya saka da alheri. Kuma ɗorawa kakana ya shuka ta."

Baffa ya dubi wannan ya dubi wancan ya ce, "To, na gaya muku duka. A sauke kaya."

Aka haƙa rami a bayan gari. Wani ya ce asara ce, a bai wa awaki mana. Baffa ya ce, "Ta dawo muku ta nono?" Aka juye, aka cinna wuta. Kun san abin da ake nufi a ƙona abinci a shekarar yunwa, mata har suna kawar da kai. Masu ciwon da suka yi tsanani aka kwashe su a motarmu zuwa asibiti, har da Innata, kuma Allah Ya tashe ta.

Jama'a suka watse, ya rage mu uku a bakin ramin. Baba bai ɗauke ido daga hayaƙin ba ya ce, "Haruna, kai ba ka iya ƙarya ba tun kana yaro. Ni na kashe 'yar Audu?"

Na dubi Baffa, don na san halinsa. Ya cire tabarau ya riƙe a hannu.

"Yaya, masarar ce. Wannan ba zan ɓoye maka ba. Amma yaran nan sun shiga gida-gida sun tambayi abin da aka ci. A gidan Audu, da aka ce kafin masarar Alhaji ta zo me kuke ci, matarsa cewa ta yi sun kwana biyu suna dafa ruwa da gishiri don yara su ga hayaƙi su yi barci. Ba gidansu kaɗai ba. Na gano abin da ya kwantar da mutanen nan, Yaya. Na kuma gano wanda ya ji kukansu lokacin da kowa ya toshe kunne. Dukansu gaskiya ne, ba zan rage maka ko ɗaya ba."

Baba ya sunkuyar da kai. Baffa, mutumin da ban taɓa ganin ya riƙe hannun kowa ba sai don ya duba farce, ya kama hannun yayansa ya ce, "Taho in raka ka gidan Audu." Suka tafi a hankali, ni ina biye. Audu na hango su ya taso da tabarma, ya shimfiɗa da hannunsa, ya ce, "Alhaji, zauna, ba ka da lafiya."

Ku da kuka zo makarantar bayanmu, na san kun ji labarin nan, don kowace shekara sai ya koyar da shi, da tsakuwarsa da gorubarsa da agwaginsa. Amma kullum cewa yake, "A wani gari, akwai wani mutumin kirki." Har ya bar aiki, har Allah Ya karɓi abinsa a bana, bai taɓa kiran suna ba. Mutumin kirkin nan ubana ne, kuma Baffa bai taɓa ba da labarin ya bar kalmar "kirki" a baya ba.

Allah Ya ji ƙan Baffa Haruna, Ya yafe masa kurakuransa, Ya haskaka makwancinsa. Ya haɗa shi da yayansa a inda babu yunwa, da 'yar Audu a tsakaninsu. Allah Ya rufa masa asiri kamar yadda ya rufa wa ɗan'uwansa. Amin.